Momiji, bishiyar Japan mai jan ganye: ire-irenta, kuma za ta yi a wajenmu?

Maman Iman, Kano
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sani. Kwanaki na ga hoton wata bishiya a wani shagon intanet, ganyenta jawur kamar an tsoma a rini, kowane ganye da yatsu kamar tafin hannu. Suka rubuta wai mapul ɗin Japan ce. Raina ya biya, na yi odar iri ƙulli uku: ja, ruwan goro, da wani shuɗi kamar bula. Da suka iso na shuka rabi a leda da ƙasa mai taki, ina ba su ruwa safe da yamma. Yau kwana 40 ke nan ko ɗaya bai ɓullo ba. Irin ne matacce, ko akwai abin da ban yi daidai ba? Sauran rabin yana nan a ajiye.

Bashir, Kyoto
Wa alaikumus salam Anti. Shekarata uku ina karatu a nan Japan, kuma kullum sai na wuce ta ƙarƙashin bishiyar nan a hanyar makaranta. Momiji suke ce mata. Tun kafin a yi nisa: shuɗiyar momiji babu ita, da kwamfuta aka shafa wa hoton launi. Ja, ruwan goro, rawaya, kore, jan da ya yi duhu kamar zoɓo, waɗannan duk akwai. Don Allah ki faɗa mana yadda ƙwayoyin suke a ido.

Maman Iman
Ja da ruwan goron kamarsu ɗaya, kamar fiffiken fara, da ɗan kumburi a gefe guda. Na shuɗin kuwa ƙanana ne baƙaƙe, ba su fi riɗi girma ba.

Bashir
To biyun farko irin mapul ne na gaske. Bibbiyu suke fitowa a manne, kowanne da fiffikensa, in sun bushe iska ta ɗebe su suna juyi kamar farfela har su sauka. Baƙaƙen nan kuwa na wani tsiro ne daban, an cuce ki a kansu.

Dakta Rabi, Zariya
Maman Iman sannu da ƙoƙari. Ba lallai irin ya mutu ba, barci yake yi. A dazukan Japan ƙwayar tana faɗuwa ne wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ta kwanta cikin danshi da sanyin hunturu wata uku ko huɗu, sai ɗumi ya dawo sannan ta tsage. Da za ta tsiro tun ranar faɗuwarta, ƙanƙara ce za ta kashe ɗan tsiron. Shi ya sa ba ta motsi sai sanyi ya ratsa ta ya wuce. Masu raino dabara suke yi mata: su jiƙa irin a ruwa mai ɗumi kwana guda, su cuɗa shi da yashi mai ɗan danshi a leda, su sa a firij, ba firiza ba, kwana 90 zuwa 120, sanyin yana wajen digiri 4. Irin da ya daɗe a ajiye ya bushe ƙayau kuma ya fi taurin kai, wani sai shekara ta biyu yake fitowa.

Amma ga abin da ya fi wannan muhimmanci. Ko duk sun tsiro, da wuya ki samu bishiyar da kika gani a hoto.

Maman Iman
Dakta ta yaya? Na ɗauka barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In uwar ja ce ai ja 'ya'yan za su zo.

Baba Audu mai lambu, Jos
'Yata, a harkar lambu karin maganar da ta fi cika ita ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Na haura shekara 30 ina rainon dashe. Ki sha mangwaro mai aure, mai zaƙi marar zare, ki binne ƙwallonsa, ki yi ta jira shekaru, sau da yawa wani abu daban zai haifa miki. Don haka ne muke yanko reshe daga jikin uwar mu aura shi a kan ɗan dashe. Dakta, a wannan ma haka ne?

Dakta Rabi
Haka yake Baba, ba bambanci ko kaɗan. Kusan duk momijin da kuka ji tana da suna nata, da aure aka yaɗa ta. Ana shuka irin koriyar ta daji, in ya yi kaurin fensir a aura masa reshen wadda ake so. Wato in muka ɗauki wata jar momiji da ake kira 'Bloodgood', duk ta gaskiya a duniya yanki ce daga jikin bishiya guda. In kika shuka irin jar uwa, wasu 'ya'yan za su zo ja, wasu kore, da yawa kuma su fito ja da farko sannan su koɗe su koma wani kore mai duhu.

Wannan rashin kama da uwa shi ne arzikin bishiyar. Mai lambu zai shuka dubu, ya ga ɗaya ta fita daban, ganyenta siriri ko tsayinta bai wuce gwiwa ba, sai ya ware ta ya raɗa mata suna. Wani lokaci reshe guda ne a jikin tsohuwar bishiya zai sauya hali, a yanke shi a aura. Da haka aka tara ire-ire sama da 1,000.

Kawu Isa, Katsina
Ni fa ban gane ba. Bishiya ba 'ya'yan ci, ba magani, ba katakon kirki, kuma rabin shekara tsirara take. Mutanen da hamada ke kora su ne za su zauna suna sa iri a firij? Wannan kuɗin da an sa a darbejiya ko zogale ko gawo da an ga amfani. Ku yi haƙuri, ra'ayina ke nan.

Maman Iman
Kawu Allah ya ƙara girma, zogale uku da lemun tsami da gwaiba duk suna tsakar gidana. Wannan don ido nake so. Ai ido ma yana da haƙƙinsa.

Bashir
Kawu, maganar hamada gaskiya ce, ba mai ja da ku. Amma ku bar ni in ba ku labarin abin da na gani, don gani ya kori ji.

Bishiyar ba ƙatuwa ba ce, mita 6 zuwa 10 galibi, kuma a daji a ƙarƙashin manyan itatuwa take zama, a gangaren duwatsu da bakin ƙorama. Rassanta shimfiɗuwa suke yi hawa-hawa. Daga Afrilu zuwa Oktoba koriya ce shar, rana tana ratsa ganyen saboda rashin kaurinsa. Sai dare ya fara sanyi. A nan suna cewa in sanyin asuba ya sauka ƙasa da digiri 8 launi ya fara, in ya kai 5 ko 6 sai abin ya kankama. Yana farowa daga duwatsun Hokkaido a can arewa cikin Satumba, yana gangarowa kudu, ya iso Kyoto daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. A talabijin ana ba da rahotonsa tare da hasashen yanayi, kamar yadda a gida ake bibiyar labarin inda ruwa ya sauka.

Fita kallon ganyen har suna gare shi, momijigari, wato farautar momiji. Tsofaffi da sanduna, iyaye da goyo, 'yan makaranta, kowa ya fito. A Tofuku-ji, wani tsohon wurin bauta a nan Kyoto, akwai wata gada ta katako mai rufi, Tsutenkyo, da ta ratsa saman kwari mai bishiyoyi kusan 2,000. Ranar da na fara tsayawa a kanta na leƙa ƙasa, wallahi ban san lokacin da na ce subhanallah da ƙarfi ba. Kamar kwarin ya kama da wuta ba hayaƙi. A Eikando, wani wurin bautar a Kyoto, sun kai 3,000, kuma ana haska su da fitilu da dare.

Batun ci kuma Kawu, a Minoo kusa da Osaka ana tsinko ganyen rawaya, a jiƙa shi a gishiri kusan shekara guda, sannan a tsoma a ƙullun fulawa mai sukari da riɗi a soya. Na ci, ƙamas-ƙamas kamar cincin. A tsibirin Miyajima kuma akwai wani ɗan kek mai siffar ganyen da ake cusa wa jan wake mai zaƙi. Garuruwa da dama da baƙin watan Nuwamba suke cin abinci.

Kawu Isa
To ɗana, in garinsu tana kawo musu baƙi da ciniki, wannan na yarda. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Maganata a kan namu garin ce.

Ɗan Damagaram
Salamu alaikum. Tambaya gare ni. Ita ce wadda ke jikin tutar Kanada? Kuma ita ake tatsa a yi wannan ruwan zaƙi mai kama da zuma?

Dakta Rabi
Dangi ɗaya ne, ɗaki daban. Duk sunan gidansu Acer, kuma sun haura nau'i 100, mafi yawansu a Asiya. Wadda ake tatsa a Kanada da arewacin Amurka ita ce Acer saccharum, ƙatuwar bishiya mai faffaɗan ganye, kuma ganyen tutar irin na waɗancan manyan ne. Tamu ta yau Acer palmatum ce, asalinta Japan da Koriya da wani yanki na Sin. Palmatum ɗin daga kalmar tafin hannu ne a Latin, abin da Maman Iman ta gani da idonta tun farko.

Wanda ya sa mata sunan wani likita ne ɗan Suwidin, Carl Peter Thunberg, almajirin Linnaeus, shahararren masanin tsirrai. Ya isa Nagasaki a 1775 yana aiki da kamfanin 'yan Holan, lokacin da Japan ta rufe ƙofarta ga baƙi, aka tsare su a ɗan tsibirin Dejima. Da farko ba a barinsa ya fita, sai ya riƙa tona ciyawar da ake kawo wa dabbobi yana tsintar ganyaye da furanni. Daga baya ya samu fita har ya yi tafiya zuwa Edo, wato Tokyo ta yau, a 1776. An buga sunan a 1784, ita kuwa bishiyar da ranta sai wajen 1820 ta isa Ingila.

Bashir
In ƙara a kan sunaye. Ɗaya sunan da suke kiran dangin gaba ɗaya shi ne kaede, asalinsa "hannun kwaɗo". Hannun jariri kuma in suna yabonsa sai su ce kamar momiji. Wadda ta fi yawa a Kyoto sunanta iroha momiji, don da tsohon jerin baƙaƙensu ake ƙirga yatsun ganyen: i, ro, ha, ni, ho, he, to, kamar mu ce alu, ambaki, wau, zal. Yatsun biyar ne ko bakwai, wani lokaci tara.

Anti Hadiza, Birmingham
Na zo a makare, aiki ya riƙe ni. Ni biyar gare ni a tukwane a bayan gida, kuma kusan duk shekara a ƙarshen Oktoba sai mun je lambun bishiyoyi na Westonbirt a Gloucestershire, inda aka tara ire-irenta ɗaruruwa wuri guda. Maman Iman, bari in rarrabe miki su yadda nake gane su, don in kin ga hoto ki san me kike kallo.

Da farko akwai masu miƙewa sama su yi bishiya. 'Bloodgood' ita ce kowa ya sani, sunan wani tsohon lambun raino ne a New York. Ganyenta ja mai duhu tun fitowarsa, kuma ba ya koɗewa da zafi kamar na sauran jajayen. Ina kyautata zaton ita ce a hotonki. 'Osakazuki' kuwa koriya ce duk tsawon lokacin zafi, ganye manya masu yatsu bakwai, ba za ki kalle ta sau biyu ba. Amma in Oktoba ta yi, babu jan da ya kama ƙafar nata. Mako biyu kacal, sai ya zube.

Wadda na fi so ita ce 'Sango-kaku'. Sango murjani ke nan da Japananci. Ganyenta kore mai haske, da kaka ya koma rawaya, in ya zube sai ƙananan rassan su fito jajir kamar an jera murjanin amarya. A watan Janairu, gari ya yi toka-toka, komai ya mutu, ita kaɗai ke da launi a bayan gidana. Sabon reshe ne ke yin jan, tsohon yana komawa ruwan ƙasa.

Sai masu zubowa ƙasa kamar lema, ganyensu a tsattsage siri-siri kamar leshi. 'Crimson Queen', 'Garnet', 'Inaba-shidare', 'Tamukeyama', duk jajaye. Ba sa tsayi, faɗi suke yi, kuma akan aura su a saman dogon kara don su samu inda za su zubo. A cikin masu leshin sananniyar da ke miƙewa sama ita ce 'Seiryu', koriya.

Sauran sai dai in ambata a gurguje. 'Shishigashira', kan zaki, ganye a murɗe a cunkushe, girmanta a hankali ƙwarai. 'Katsura' da 'Deshojo' a watan Afrilu suke nasu adon, ta farko ruwan goro, ta biyu ja mai ƙyalli. 'Butterfly' da 'Ukigumo' masu ɗigon fari. 'Koto-no-ito' ganyenta kamar tsirkiyar garaya. 'Kiyohime' da 'Mikawa-yatsubusa' gajeru ne, su masu bonsai, wato masu rainon bishiya 'yar ƙarama a tukunya, ke nema.

Bashir
Anti Hadiza ni fa ban ga abin so a 'Bloodgood' ba. Abin da ke sa mutane fita a nan sauyin ne, kore ya koma rawaya ya koma ja, wani lokaci duka ukun a reshe ɗaya. Wadda take ja tun Afrilu me za a jira a wajenta? A tsofaffin lambunan Kyoto koriyar iroha ce ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Anti Hadiza
Ƙanena, kai kana da kwari mai bishiya 2,000. Ni bayan gidana taku goma ne. Mai wuri ɗaya tak yana son abin da zai ba shi launi wata bakwai, ba mako biyu ba. Kuma ita ma tana sauyawa da kaka, jan yana buɗewa ya yi haske. Sai dai na yarda da kai a abu guda: in aka sa ta a inuwa mai yawa sai ta yi wani duhu marar kyau, ba ja ba kore ba.

Dakta Rabi
Ku biyun kuna magana ne a kan sinadari ɗaya. Jan nan antosayanin ne, shi ne a zoɓo, shi ne kuma a sabon tohon mangwaro da kuke gani ja-ja kafin ya yi kore. Jajayen ire-ire suna da shi tun farko, ya rufe koren. Korayen kuwa sai da kaka suke ƙera shi: bishiyar tana janye abincinta daga ganye, koren ya rushe, sukarin da ya rage a ganyen ya zama ja in rana ta haska da yini dare kuma ya yi sanyi. Shekarar da dare bai yi sanyi ba launin ba ya kyau.

Kuma ba Turawa suka fara zaɓen ire-iren nan ba. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, abin ya zama yayi a Japan. A 1710 wani mai lambu a Somei, gefen Edo, Ito Ihei, ya rubuta ire-ire 36, daga baya jerin nasa ya kai wajen 100. Da yawa daga tsofaffin sun salwanta lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka sare su don itacen girki aka mai da lambuna gonakin abinci.

Akwai kuma nau'i biyu da 'yan kasuwa ke haɗawa da ita a suna. Acer japonicum, mai ganye zagayayye da yatsu tara zuwa goma sha ɗaya ko fiye, da Acer shirasawanum, wadda irinta 'Aureum' ke da ganye ruwan zinariya. Su ma 'yan Japan ne, amma ba palmatum ba ne.

Maman Iman
Na ƙaru wallahi. To yanzu a fito mini fili, in na sa sauran irin a firij ya tsiro, zai rayu a Kano?

Anti Hadiza
Ba na son in kashe miki gwiwa, amma ga abin da ya same ni. A Yulin 2022, ranar da zafi ya haura digiri 40 a wasu sassan Ingila, 'Crimson Queen' ɗina tana inuwa, na ba ta ruwa da safe. Kwana biyu kawai zafin ya yi. Ganyen ya ƙone daga baki ya nannaɗe kamar an soya, sai shekara ta zagayo ta farfaɗo. Ki auna da Afrilun Kano.

Bashir
Kyoto ma tana zafi fa, a Agusta yakan kai 37 ko 38. Amma iskar a jiƙe take sharkaf, kuma ruwan shekara yana kai milimita 1,500, a rarrabe kusan duk watanni. Busasshiyar iska ce ba ta jurewa.

Dakta Rabi
Bashir ya taɓo wurin. Ganyen siriri ne, saiwar kuma a sama-sama take kamar gashi, ba ta nutsawa neman ruwa irin na gawo ko tsamiya. In iska ta bushe, ganyen yana zubar da ruwa fiye da yadda saiwar ke iya kawowa. A Kano iskar hunturu za ta busar da ita, bazara ta ƙarasa. Tana son ƙasa mai ɗan tsami, mai riƙe danshi amma ba ta kwantar da ruwa, ruwan rijiya mai zartsi kuma yana ƙona mata bakin ganye. Duk wannan da inuwa da ban ruwa za a iya ragewa. Abin da ba a iya saya mata shi ne barci. Kamar yadda irin ke bukatar sanyi, haka idanun reshen suke bukatar makonni masu yawa ƙasa da digiri 7 kafin su buɗe da ƙarfi. In ba ta samu ba, toho zai riƙa zuwa a rarrabe, kowace shekara ya fi na bara rauni, har ta ƙare. A Kano amsata a'a ce.

Baba Audu mai lambu
Kano na yarda. Amma Dakta kada ki haɗa da Jos. Muna sama da mita 1,200, muna noman dankalin Turawa da sitiroberi, tufa, wato aful, ma tana yi a nan. Akwai dararen Disamba da Janairu da sanyi ke sauka ƙasa da 10. Mambila ma ta fi mu tsayi, har shayi ake nomawa. Wani da ya dawo daga waje ya taɓa kawo mini guda a tukunya, ja. Ta yi shekara uku a hannuna a ƙarƙashin rumfar raga.

Dakta Rabi
Baba, a shekara ukun nan yaya ganyenta ya kasance? Ta taɓa zubar da shi gaba ɗaya ta sake sabo lokaci guda?

Baba Audu mai lambu
Gaskiya a'a. Shekarar farko ta yi kyau. Ta biyu wani reshe ya toho wani bai toho ba, tsohon ganye yana maƙale ya bushe a baki. Ta uku rassan suka fara mutuwa daga sama. Ni na ɗora laifin a kan ruwan Agusta da ya yi mata yawa a tukunya. Kuma lokacin ban yi mata abin da nake yi wa tufa ba, wato in tsige ganyen duka da hannu in rage ruwa, don in tilasta mata hutawa.

Dakta Rabi
Ruwan zai iya zama ya taimaka, don saiwarta tana saurin ruɓewa. Amma abin da kuka kwatanta shi ne ainihin alamar rashin barci. Tufar da ke yi a wurare irin naku zaɓaɓɓiya ce mai bukatar sanyi kaɗan, irin su 'Anna'. Dabarar tsige ganye kuma gaskiya ce, da ita manoman Batu a tsibirin Java na Indonesiya suke samun tufa a ƙasa mai zafi. Sai dai sanyin Jos na 'yan sa'o'in asuba ne, da hantsi ya wuce. Ga kuma tsawon yini. A Kyoto yini yana raguwa daga kusan awa 14 da rabi a Yuni zuwa ƙasa da awa 10 a Disamba, kuma wannan raguwar ce ke fara gaya wa bishiyar ta shirya. A Jos bambancin bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Ban ce kada ku gwada ba Baba. Ina cewa ko ta rayu, jan Nuwamban da Bashir ya gani ba zai zo ba.

Baba Audu mai lambu
To ni dai ban sallama ba. Tunda kin ce 'ya'yan iri kowanne da halinsa, a cikin ɗari ba za a rasa mai haƙuri da ƙarancin sanyi ba. Haka aka samu ire-iren tun farko.

Dakta Rabi
Wannan hujja ce mai ƙarfi Baba, kuma in za a gwada, da 'ya'yan iri korayen ya kamata a fara, sun fi masu aure juriya. Masu leshi da masu ɗigon fari kada ma a taɓa su, su ne suka fi saurin ƙonewa.

Ɗan Damagaram
Mu nan ko zancen ba ya tasowa. Amma Hajiya Maman Iman, in jan ganye mai yatsu kike so, ba wani abu namu da zai ba da wannan?

Dakta Rabi
Akwai, kuma 'yar gida ce. Hibiscus acetosella, 'yar uwar yakuwa da rama, asalinta Afirka. Ganyenta ja mai duhu, a tsage da yatsu, wanda bai sani ba daga nesa zai rantse 'Bloodgood' ce. Masu lambu a wurare masu zafi irin Florida ita suke shukawa a madadin momiji, har da ire-ire masu suna kamar 'Mahogany Splendor' da 'Red Shield'. Tana son rana, tana kai mita ɗaya da rabi ko biyu a damina guda, ana shuka ta da iri ko a dasa reshe, ganyen kuma yana da tsami ana cin sa. Ba bishiya ba ce, bayan shekara ɗaya ko biyu sai an sabunta. In kina datse kanta tana ƙarama za ta yi rassa ta cika.

Kawu Isa
Yauwa. Ja ga ido, tsami ga miya. Wannan ko ni zan shuka.

Baba Audu mai lambu
Ina da ita, masu gidaje suna saya don shinge. 'Yata, ga shawara. Cikin mako mai zuwa akwai direban da ke kai mini kaya Kano, zan sa miki reshe goma a leda. Ke kuma ki ba shi sauran irin nan biyu, ban da baƙin. Ɗana yana da firij mai sola, zan sa su ciki yanzu, in kwana 100 ya cika mu gani.

Maman Iman
Na gode Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Zan ba shi. Amma zan riƙe ƙwaya biyar in sa a nawa firij ɗin, ko ganyen farko ne in gani da idona. Waɗanda ke cikin leda kuma in ci gaba da ba su ruwa ko in haƙura?

Dakta Rabi
Ki tone su a hankali ki duba. Wadda ta yi laushi ko ta yi baƙi ta ruɓe, ki zubar. Wadda take da tauri ki wanke ki haɗa da biyar ɗin. Yashin ya zama mai danshi kawai, in kin matse kada ruwa ya ɗiga. Ki riƙa buɗe ledar duk mako biyu, da kin ga farin ɗan saiwa ya leƙo ki fitar ki shuka a wuri mai inuwa.

Bashir
Anti ki rubuta kwanan wata a jikin ledar. Baba, ku ma in sun fito ku turo mana hoton ganyen, daga na uku ko na huɗu ake fara gane mai ja da mai kore. Ni kuma in Allah ya kai mu Nuwamba zan ɗauko muku Tofuku-ji daga kan gadar.